Yaran Ganga a Fagen Fama: Abin da Kimiyya ta Gano Game da Makaɗan Soja na Ƙarni na 19

A farkon watan Yuli na shekarar 1862, sojojin Arewacin Amurka suka ja da baya zuwa bakin kogin James a jihar Virginia, bayan sun shafe kwana bakwai suna gwabzawa da sojojin Kudu. Gajiya da firgici sun sa da yawa daga cikinsu sun zubar da barguna da jakunkuna a kan hanya, wasu ma har da bindigogi. Da aka zo yin fareti a sabon sansani, sai aka tarar a duk rundunar makaɗi ɗaya ne kawai ya iso da gangarsa. Sunansa Willie Johnston, daga jihar Vermont, kuma a lokacin bai cika shekara 12 ba. A watan Satumba na 1863 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, kuma har yau ba a sami wanda ya karɓe ta da ƙarancin shekaru kamarsa ba.

Mai karatu zai iya tambaya: me ke cikin ganga da har za a girmama yaro haka don ya ƙi yar da ita? Amsar tana cikin ilimin sauti da ilimin halittar kunne da ƙwaƙwalwa. Haka nan ilimin halittar jikin ɗan Adam ne zai nuna irin farashin da waɗannan yara suka biya.

Su wane ne yaran ganga?

Makaɗan soja na ƙarni na 19 kashi biyu ne. Kashi na farko su ne 'yan badujala, wato taron masu busa ƙahonnin tagulla da ke kiɗa a wurin fareti da jana'iza da lokacin hutu. Kashi na biyu su ne makaɗan fage, masu ganga da sarewa da begila, waɗanda aikinsu isar da umarni ne. A yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, tsari ya tanadi makaɗan fage biyu ga kowane kamfani mai soja kimanin 100, galibi ɗaya mai ganga, ɗaya mai sarewa.

Shekarun shiga soja 18 ne, amma doka ta yarda a ɗauki yaro ɗan shekara 12 zuwa sama a koya masa kiɗa. Ta wannan ƙofa ce yara suka yi ta kwarara cikin rundunoni. Wasu marayu ne, wasu sun biyo iyayensu maza ko yayyensu, wasu sun gudo daga gida, wasu kuma yaran baƙar fata ne da suka tsere daga bauta. A Ingila ma an buɗe makarantar 'ya'yan sojoji a unguwar Chelsea ta birnin Landan a 1803, kuma ɗalibanta da dama sun shiga soja a matsayin makaɗa. Sai dai ya kamata a lura cewa makaɗa da yawa manyan mutane ne. Masu zane da marubuta labarai ne suka fi son nuna ƙananan yara, domin sun fi taɓa zuciya.

Ganga ita ce agogon sansani. Da ita ake tayar da soja da asuba, da ita ake kiran marasa lafiya zuwa wurin likita, da ita ake kiran abinci da fareti da canjin masu gadi da kwanciya barci. Akwai kuma wani dogon kiɗa marar yankewa wanda ma'anarsa ita ce abokan gaba sun iso, kowa ya ɗauki makami. Dole makaɗi ya haddace kiɗa iri-iri masu yawa, kuma kuskurensa ɗaya na iya tura ɗaruruwan mutane inda ba a nufa ba. Wanda ya san matsayin tambari a fadar sarakunan ƙasar Hausa, da yadda jama'a ke gane saƙo daga bugunsa ba tare da an yi magana ba, ba zai sha wahalar fahimtar wannan tsari ba.

Inda muryar hafsa ba ta kai ba

Abu na farko da ya wajabta kiɗa a fagen fama shi ne hayaƙi. Albarushin wancan zamani haɗi ne na gishirin naitiret kashi 75 cikin ɗari, da gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. Idan ya ƙone, fiye da rabin abin da yake fitarwa ƙananan ɓurɓushi ne masu tashi a iska su zama farin hayaƙi mai kauri. Bayan harbi kaɗan, soja ba ya iya hango hafsansa, balle tuta ko alamar hannu. Ido ya kasa, sai a koma ga kunne.

Abu na biyu shi ne raunin muryar ɗan Adam. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana kai desibel 60, ihu mai ƙarfi kuwa yana kai kimanin 90 ga wanda ke tsaye a nisan mita ɗaya. A fili, duk sa'ad da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6. Idan ɗalibi ya yi lissafi, zai ga cewa a nisan mita 64 ihun nan ya sauka zuwa desibel 54, wato ya gaza hira ƙarfi. Ga shi kuwa soja 1,000 da suka jeru sahu biyu sukan mamaye tsawon kusan mita 300, kuma kowace bindiga a sahun tana fitar da ƙarar da ta haura desibel 140 a kusa da mai harbi. A irin wannan hali muryar hafsa tamkar kukan sauro ce a tsakiyar kasuwa.

Yadda kunne yake tace sauti

Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska. Idan karkarwar ta yi yawa a cikin sakan ɗaya, sai a ji siririyar murya. Idan ta yi kaɗan, sai a ji kakkaura. Kunnen matashi mai lafiya yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan, amma ba ya jin su daidai wa daida. Ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne kafar kunne, wadda tsawonta ya kai kimanin santimita biyu da rabi, kuma dodon kunne ya toshe ƙarshenta. Bututu mai wannan tsawo yakan ƙara wa sautin da ke kusa da karkarwa 3,000 ƙarfi, kamar yadda tulu yake amsa wata murya fiye da wata.

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. Masanin nan Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961, ya nuna cewa kowace murya tana da wurin da take girgizawa a cikin katantanwar: siririya a gindinta, kakkaura a can ƙololuwarta. Rugugin igwa kakkaura ne, saboda haka yakan cika sashe ɗaya. Manyan muryoyin sarewar soja kuwa suna kaiwa karkarwa 2,000 zuwa 3,000, sai su faɗa wani sashe dabam, daidai inda kunne ya fi kaifi. Wannan ne ya sa ƙaramar sarewa ta katako take iya huda hayaniyar da ihun ƙato ya kasa hudawa.

Ita kuwa ganga ta haɗa abu biyu. Bugun fatar sama yana ba da kakkauran amo mai tafiya nesa, domin iska ta fi saurin shanye siririyar murya a kan kakkaura. Tsirkiyoyin hanji da aka ɗame a jikin fatar ƙasa kuma suna ba da wata ƙara mai kaifi a kowane bugu. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwa tana da baiwar tsinto abin da ke maimaita kansa cikin tsari daga cikin hayaniya marar tsari. Harbe-harbe suna zuwa barkatai, kiɗa kuwa yana zuwa a jere, kuma soja ya riga ya ji shi sau ɗaruruwa a sansani. Ko da rabin bugun ne ya kai kunnensa, ƙwaƙwalwarsa za ta cike saura. Mutanen wancan zamani ba su san yadda katantanwar kunne take aiki ba, amma gwaji na shekaru aru-aru ya kai su ga kayan kiɗan da suka dace da ita.

Duk da haka ganga tana da rauni, kuma raunin daga halittarta yake. Fatarta ta ɗan maraƙi ce ko ta tunkiya, wadda akasarinta zarurrukan furotin ne da ake kira kolajin. Kolajin yana shan ruwa daga iska. Idan aka yi ruwan sama ko raɓa ta sauka, sai zarurrukan su saki, fatar ta yi sako-sako, amonta ya mutu. Kowane makaɗin gargajiya ya san wannan, shi ya sa ake ganin yana gasa gangarsa a rana ko a bakin wuta kafin ya fara kiɗa. Makaɗan soja sukan ja kunnuwan fata da ke jikin igiyoyin gangar don su ƙara ɗame ta, amma a ranar ruwa mai yawa dabarar ba ta wadatarwa.

Ƙafa tana bin kunne

Aiki na biyu na ganga shi ne daidaita taku. Littafin horon da sojojin Amurka na ɓangarorin biyu suka yi amfani da shi ya tanadi taku 110 a minti ɗaya a tafiyar sauri, kowane taku kimanin santimita 71. A nan ma akwai lissafi mai ban sha'awa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya a iska mai matsakaicin zafi. Taku ɗaya kuwa yana ɗaukar kaɗan fiye da rabin sakan. Ke nan sojan da ke bayan ganga da kimanin mita 190 zai ji bugun ne bayan an riga an yi taku guda cur. Idan jerin gwanon ya kai kilomita ɗaya, na ƙarshe zai makara da kusan sakan uku. Wannan ya nuna cewa ganga ɗaya ba za ta iya riƙe doguwar runduna a taku ɗaya ba.

Me ya sa ƙafa take bin kiɗa ba tare da an tilasta mata ba? Binciken ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sassan ji suna da alaƙa ta kai-tsaye da sassan da ke tsara motsi. Ko mutum yana kwance bai motsa ba, idan ya saurari kiɗa mai tsayayyen bugu, sassan motsin ƙwaƙwalwarsa sukan farka. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran bugu ya zo. Hasashen lokacin zuwansa take yi, ta shirya tsoka tun kafin ya iso. Wannan baiwa ba ta yawaita a cikin dabbobi ba. A 2009 ne aka wallafa binciken da ya tabbatar da ita a jikin wani tsuntsu dangin aku mai suna Snowball, wanda yake sauya saurin rawarsa idan aka sauya saurin kiɗa. Likitoci ma sun amfana da wannan ilimi: tun daga shekarun 1990 aka nuna cewa masu ciwon karkarwar jiki da ake kira Parkinson sukan fi iya tafiya idan ana yi musu bugu mai tsari a kunne.

Har ila yau, motsi tare yana haɗa zukata. Masanin tarihi William McNeill ya yi littafi a kan wannan batu a 1995, kuma gwaje-gwajen masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa mutanen da suka yi taku ko waƙa tare sun fi ba juna haɗin kai daga baya. Manoman da ke huɗa a gayya da kiɗan gangar noma sun daɗe da sanin haka a aikace. Wani abin mamaki shi ne, ƙarfin kiɗa yakan tsallake ko da iyakar gaba. A daren 30 ga Disamba, 1862, a bakin kogin Stones a jihar Tennessee, 'yan badujalar ɓangarorin biyu sun yi ta mayar wa juna da kiɗa, har suka haɗu a kan waƙa ɗaya ta begen gida. Washegari suka faɗa wa juna da yaƙi.

Jikin yaro a sansanin manya

Kimiyya ta bayyana amfanin ganga, amma babu wani abu a cikinta da ya ce yaro ne ya dace ya rataya ta. Dalilin ɗaukar yara shi ne a bar manya su riƙe bindiga. Idan aka duba halittar jiki, yaro shi ne ya fi kowa rashin dacewa da rayuwar sansani.

An daɗe ana ƙiyasta cewa soja 620,000 ne suka mutu a yaƙin basasar Amurka, sai wani bincike na 2011 ya ɗaga adadin zuwa kimanin 750,000. Wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan ba harsashi ne ya kashe su ba, cuta ce: atuni da gudawa, da zazzaɓin taifot, da ciwon huhu, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda. A lokacin ba a riga an yarda cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa su ba. Joseph Lister bai wallafa hanyarsa ta tsabtace rauni ba sai 1867, kuma sai 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro. Saboda haka akan haƙa masai kusa da ruwan sha, likita kuma yakan tashi daga majinyaci zuwa majinyaci da wuƙa ɗaya ba tare da ya kashe ƙwayoyin da ke jikinta ba.

A irin wannan wuri ƙaramin jiki yana da hasara ta fuskoki da yawa. Faɗin fatar yaro, idan aka gwada da nauyinsa, ya fi na babba, don haka sanyi ya fi saurin ratsa shi a daren hunturu, zafin rana kuma ya fi saurin shiga jikinsa. Ajiyar ruwan jikinsa kaɗan ce, gudawar kwana biyu tana iya kai shi ga halaka. Jinin babban mutum ya kai kimanin lita 5, na yaro mai nauyin kilo 35 kuwa bai kai lita 3 ba, ke nan raunin da babba zai jure yana iya ƙarar da yaro. Ƙasusuwansa ba su gama girma ba, akwai guringuntsi mai laushi a ƙarshensu, ga shi ana bukatar ya yi takun da aka auna da ƙafar babba, da ganga tana dukan gwiwarsa, tafiyar yini guda. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna haɗari da danne garaje, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Abin da jaridun lokacin suka kira jaruntakar yara, wani ɓangarensa rashin cikar wannan sashe ne.

Idan wuta ta yi wuta, sau da yawa ita kanta gangar ba a jin ta. A lokacin sai a umarci makaɗa su ajiye kayan kiɗa su koma ɗaukar waɗanda suka jikkata, ko su taimaka wa likitoci a inda ake yanke hannuwa da ƙafafu. A rundunar Ingila kuwa, makaɗan ganga ne aka ɗora wa yi wa sojan da ya yi laifi bulala, har zuwa 1881 da aka soke wannan horo.

Tarihi ya adana sunayen kaɗan daga cikin yaran. Charley King na jihar Pennsylvania ya sami rauni a yaƙin Antietam ranar 17 ga Satumba, 1862, ya rasu bayan kwana uku yana ɗan shekara 13. Orion Howe, ɗan shekara 14, an harbe shi a ƙafa a Vicksburg ranar 19 ga Mayu, 1863, amma ya daure har ya kai wa Janar Sherman saƙon neman harsasai. John Clem, wanda aka haifa a 1851, ya zama saje yana ɗan shekara 12 bayan yaƙin Chickamauga, ya kuma yi ritaya a 1915 da muƙamin birgediya janar. Labarin Clem ne aka fi yayatawa, domin ya yi kyakkyawan ƙarshe. Waɗanda gudawa ta kashe a cikin tanti ba a buga hotunansu a jarida ba.

Akwai kuma raunin da ba a gani. A cikin kowace katantanwar kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da karkarwa ta zama saƙon jijiya. Ƙarar da ta kai desibel 85, idan ana jin ta awa takwas kullum, tana lalata su sannu a hankali. Wadda ta haura 140 kuwa tana iya yin ɓarna nan take. Tsuntsaye suna iya sabunta waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu, kamar yadda aka gano a ƙarshen shekarun 1980, amma ɗan Adam ba ya iyawa. Yaron da ya tsaya kusa da igwa da gangar da amonta ya haura desibel 100 a ƙugunsa, duk abin da ya rasa na ji ya rasa shi har ƙarshen rayuwa.

Yadda ganga ta yi shiru

Sauyin makamai ne ya kawar da ganga daga fagen fama. Sababbin bindigogi masu cin dogon zango sun sa tsayuwa kafaɗa da kafaɗa ta zama kiran ajali, dole sojoji suka riƙa warwatsuwa. Begila ta fi dacewa da wannan hali: da hannu ɗaya ake riƙe ta, ruwan sama ba ya kashe muryarta, kuma bakinta yana tura sauti inda aka nufa. A watan Yuli na 1862, a sansanin nan na bakin kogin James inda Willie Johnston ya kai gangarsa, Janar Daniel Butterfield da mai businsa Oliver Norton suka tsara busar kashe fitila da sojan Amurka ke yi har yau a jana'izar soja. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, ido ya sake samun aiki. Daga baya wayar tarho da rediyo suka karɓi aikin isar da umarni, kiɗan soja ya koma na fareti da bukukuwa.

Kammalawa

Ga malamin kimiyya, labarin yaran ganga darasi ne da za a iya gwadawa a filin makaranta. A sa ɗalibi ɗaya ya tsaya da ganga a nisan mita 200, sauran su lura da tazarar da ke tsakanin ganin saukar gula da jin amo, sannan a gwada wace ce ta fi kai wa nesa tsakanin ihu da usur da ganga. Ɗaliban da ke buga badujalar makaranta, da masu toshe kunne da na'urar sauraren waƙa, su kuma tuna cewa ƙwayoyin kunnensu irin na waɗancan yara ne.

Majalisar dokokin Amurka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 16 ba a 1864. Yarjejeniyar Roma ta 1998 ta mayar da sanya yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi laifin yaƙi, kuma a 2012 Kotun Duniya ta Manyan Laifuffuka ta sami Thomas Lubanga na Kwango da wannan laifi, a hukuncinta na farko. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙarin yarjejeniyar da ta nemi a nisanta duk wanda bai kai 18 ba daga fagen daga. Duk da haka har yanzu ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a sassa dabam-dabam na duniya suna amfani da yara, a matsayin 'yan aike da 'yan leƙen asiri da mayaƙa, bisa irin dalilin da aka kafa a ƙarni na 19, wato yaro ba shi da tsada kuma ba ya musu. Jikin yaron kuwa bai sauya ba: jininsa bai kai lita 3 ba, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan girma.